Takalmin da Ya San Ƙafata

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. A Damagaram, inda na tashi, a kan kayan biki ake buga wannan misali, amma ni a kan takalmi na fi ganin gaskiyarsa. Na yi digirina na farko a Grenoble ta ƙasar Faransa, birnin da ya karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta hunturu a 1968, kuma a tsaunin Chamrousse da ke kusa da shi na koyi zamiya a kan dusar ƙanƙara. A shekarata ta ƙarshe na sayi takalmin zamiya na ƙashin kaina, da kuɗin da na tara ina wanke-wanke a wani gidan abinci. Bana wani abokina da ke karatu a Erzurum, gabashin Turkiyya, ya gayyace ni mu yi mako guda a tsaunin Palandöken. Tun daga nan nake shawara da zuciyata: in tafi da takalmina ne, ko in karɓi na haya a can?

Hujjar haya ba ƙarama ba ce. Takalmin zamiya ba irin wanda ake cusawa a lungun jaka ba ne. Ɓawonsa roba ce mai tauri, tsayinsa ya kai tsakiyar ƙwauri, kuma nawa ƙafa biyu sun kusa kilo 4. Kamfanonin jiragen sama da yawa kilo 23 suke ba fasinja a akwati guda, ga rigunan sanyi masu cin wuri, ga tsarabar da ba zan shiga ɗakin aboki ba tare da ita ba. Jirgi biyu zan hau, domin sai na sauka a Istanbul. Wanda bai sami aiki ba tukuna, kowane kuɗin ƙarin kaya daga bakinsa yake fita. Shagunan haya kuwa suna nan a gindin kowane tsauni, a biya a karɓa, a gama a mayar.

Sai dai abin da shagon haya yake aunawa kaɗan ne daga cikin ƙafa. Ma'aunin da ake kira Mondopoint tsawon ƙafa ne da santimita, nawa 26.5. Bai san faɗin tafin ƙafa ba, wanda masu ƙera takalmi suke bambantawa da milimita, bai san tudun bayan ƙafa ba, bai san kaurin ƙwauri ba. Ni na girma ina yawo da silifa a kan rairayi, yatsuna a baje suke. A shekarun da na yi ina haya, ko dai takalmi ya matse ni har jini ya kasa zagayawa yatsu su daskare, ko kuma a ba ni babba diddige ya riƙa rawa a ciki. Rawar diddige ita ce mafi haɗari, domin ta takalmi ne motsin jiki yake isa ga allunan zamiya. Idan ƙafa ta juya takalmi ya yi jinkirin bin ta, allo ma sai ya makara, alhali gangare ba ya jiran kowa.

Nawa kuwa, ranar da na saye shi an ɗumama shafin cikinsa, na sa ƙafa na tsaya har ya huce ya ɗauki siffarta. Mai shagon ya ɗan faɗaɗa ɓawon daidai ƙaramin yatsa. Hunturu guda na yi da shi, ya lotsa inda nake da ƙashi, ya cika inda nake da rami. Na haya ya ɗauki siffar ƙafafu masu yawa, shi ya sa bai riƙe ta kowa ba.

Alluna labarinsu daban ne. Dogaye ne, ɗaukarsu a jirgi wahala ce, kuma na haya suna yi wa irina aiki sarai. Abin lura guda shi ne maƙalin da ke riƙe takalmi a kan allo. Ana daidaita shi da tsawon ƙasan takalmin, wanda ake rubutawa da milimita a gefen diddige, sannan da nauyin mutum, da tsayinsa, da shekarunsa, da gwanintarsa, domin ya saki ƙafa lokacin faɗuwa kafin ƙashi ya karye. Zan miƙa wa mai shagon takalmina ya daidaita maƙalin a kansa, in kuma faɗa masa gaskiyar iyawata ba tare da ƙari ba.

Don haka na yanke shawara: takalmi zai bi ni, alluna zan yi haya. A jakar hannu zan sa shi, in cusa safa da safar hannu a cikinsa don kada wuri ya tafi a banza. Idan akwati ya yi ɓatan kai tsakanin filayen jirgi biyu, riga da wando ana samun madadinsu a kasuwa cikin sa'a guda, amma takalmin da ya san ƙafata ba shi da na biyu.

Abokina bai taɓa hawa allo ba, shi haya na ba shi shawarar ya yi. Mai koyo yana buƙatar takalmi mai laushi, kuma bai san ko wasan zai shiga ransa ba, daidai ruwa daidai tsaki. Zaman baƙunta ya koya mini aron abubuwa da yawa: ɗaki, harshe, rigar sanyi, har da salon gaisuwa. Ban ga aibi a cikin haka ba, muddin mutum ya san ɗan abin da bai kamata ya ara ba. Ni dai a wannan tafiya, kilo 4 ne, kuma zan ɗauke su da hannuna.