Cape Town daga Saman Jar Bas

Daga tashar ruwa ta V&A Waterfront jar bas ɗin masu yawon buɗe ido take tashi. Hawa biyu ce, samanta a buɗe. Tikiti ɗaya za ka yanka na yini guda, ka sauka inda ranka ya so, in ka gama ka tsaya a tasha ka jira ta baya. Suna ba ka 'yar wayar sauraro ka soka a jikin kujera, ka zaɓi harshe, wata murya ta riƙa ba ka labarin duk abin da kuke wucewa. Kowa sama yake rububin hawa, amma iskar kudu maso gabas da ke kaɗawa a garin nan ba ta san girma ba. Mai hula sai ya dafe abarsa.

A titin Long Street na fara sauka, domin daga nan Bo-Kaap tafiyar ƙafa ce, sai dai da hawan tudu. Unguwar Musulmi ce mai ƙananan gidaje a manne da juna, wannan kore shar, na kusa da shi ruwan hoda, na gaba rawaya, titunan kuma an shimfiɗe su da duwatsu. Kakannin mutanen bayi ne da fursunonin siyasa da Turawan Holan suka kwaso daga tsibiran Indonesiya, da Indiya, da gabashin Afirka. A titin Dorp masallacin Auwal yake, wanda aka kafa a 1794, na farko a Afirka ta Kudu. Limaminsa na farko, Tuan Guru, ɗan sarauta ne daga tsibirin Tidore da aka tsare a tsibirin Robben, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka. Masu kyamara dai gidajen suke ɗauka su wuce, kaɗan ne ke leƙa masallacin. Ina tsaye ina cin koesister, wani soyayyen fanke mai kayan ƙamshi da aka barbaɗa wa kwakwa, sai igwar da ake harbawa daga tudun Signal Hill da sha biyun rana ta tashi. Tattabaru suka watse, 'yan unguwa ko waiwaye ba su yi ba.

Daga nan na gangara titin Buitenkant, zuwa gidan tarihin unguwar District Six, wanda tsohuwar majami'a ce. Ranar 11 ga Fabrairun 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana unguwar a matsayin ta Turawa zalla, aka kwashe mutum fiye da 60,000, aka rushe gidajensu. A daɓen gidan tarihin an shimfiɗa taswirar unguwar, tsofaffin mazauna sun rubuta sunayen iyalansu da hannu a daidai inda gidajensu suke a da. A kanta kake takawa. Allunan sunayen titunan da babu su yanzu suna rataye daga sama. Taku kaɗan daga wurin akwai zauren birnin, inda Mandela ya yi wa jama'a jawabi ranar da aka sake shi, 11 ga Fabrairun 1990, shekara 24 cif bayan waccan sanarwa.

Da na koma bas muka hau zuwa gindin Dutsen Tebur, mai tsawon sama da mita 1,080. Motar igiyar da ke kai mutane samansa tun 1929 take aiki, amma in iska ta yi ƙarfi rufe ta ake yi, saboda haka duk ranar da ka ga kan dutsen babu gajimare, kada ka ce sai gobe. Sai gangara zuwa Camps Bay: farin rairayi, bishiyoyi irin na dabino, gidajen gilashi a jikin dutse. Ruwan Atlantika a nan sanyi ƙarara gare shi. Muka bi gaɓa ta Clifton da Sea Point, tsibirin Robben yana kwance can cikin teku, har filin ƙwallon da aka gina don gasar cin kofin duniya ta 2010.

Ga baƙon da bai san gari ba, kuɗin tikitin ba asara ba ne, domin kafin la'asar ya gane gabas da yamma. Amma bas ɗin gefen dutse mai kyau take zagayawa. Cape Flats, filin rairayin da aka jibge mutanen District Six, da manyan unguwanni irin su Mitchells Plain da Khayelitsha, ba sa kan wannan zagayen. Motocin da ke zuwa can fararen ƙananan bas ne na haya, suna lodi a saman tashar jirgin ƙasa ta tsakiyar gari, kuma su ne motocin da masu shara da masu dafa abinci a otal-otal ɗin bakin teku suke bin layi su shiga da yamma.