Farcen da ya hana ni cire safa

Jama'a, duk mai wuni a tsaye a lab cikin rufaffen takalmi, ya duba farcen ƙafarsa. Damina biyu na yi a Ibadan, in na yi alwala sai in zura safa ƙafata a jiƙe, in koma aikin mastas. Farcen babban yatsana ya yi kauri, ya koma rawaya, yana marmashewa. Har kunyar cire safa nake a masallaci. Maganin shafawa kuwa bai ratsa shi ba, asarar kuɗi kawai. Likita ya ce dangin makero ne, aka min gwajin hanta, ya ɗora ni kan terbinafine sati 12. Sabon farce kuma sai kusan shekara. Yanzu ɗan tawul ba ya barin jakata. Allah ya sawwaƙe.