Tsakanin Kanari da Lalle



'Yan uwana matasa, a karkarar arewacin Kano, tsakanin Bichi da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, akwai halittu biyu da na daɗe ina tunani a kansu: kanari da lalle.

Kanari ɗan tsuntsu ne mai ruwan ɗorawa a ƙirji, abincinsa 'ya'yan ciyawa da gero. Darajarsa a muryarsa take, ita ce kuma sanadin shigarsa keji. Masu kama shi kan rataye keji da wani kanarin a ciki; idan ya rera, na daji ya sauko ya faɗa tarko.

Shi kuwa lalle, manoma kan dasa shi a kan iyakar gona ya zama shinge. Furensa ƙanana ne farare, amma da yamma ƙamshinsu kan iske mai wucewa. Ganyensa kore ne, jan da ke cikinsa ba ya bayyana sai an shanya shi, an daka, an kwaɓa. In an sare shi, sai ya sake tofowa. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan Hijira, ya ambaci amfaninsa na magani a Zadul Ma'ad.

Ba aibata murya nake yi ba, domin Suratun Nur, aya ta 41, ta ambaci tsuntsaye cikin masu tasbihi. Abin da nake ji mana tsoro, mu da ke ɗora karatu da nasiha a Facebook da TikTok, shi ne kejin yabo. Da zarar mutum ya fara ƙirga masu kallo, sai ya riƙa faɗin abin da suke so, ƙannensa su gani su biyo shi. Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya lissafa makarancin da ya yi don a ce makaranci ne cikin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama.

Shi ya sa nake ce wa ɗalibaina: duk wanda Allah ya ba murya ya yi amfani da ita, amma ya tanadi wani aiki irin na lalle, sallar dare ko sadakar ɓoye, wanda babu waya a wurin.

Allah Ya ba mu ikhlasi. Wassalam.