Kirikiri: Manomi Na Kuka da Shi, Filin Ƙwallo Na Nemansa

A garinmu da ke ƙasar Ɗanbatta, babu ciyawar da manomi ya tsana kamar kirikiri. Gonakinmu ƙanana ne, sun matsi juna, ko'ina ka duba gero ne ko gyaɗa ko wake. In kirikiri ya shiga gona, noma ɗaya ba ya kashe shi. Ka sare shi da fartanya, duk gaɓar da ta rage a ƙasa sai ta sake tsirowa. Shi ya sa Baba ba ya yarda a bar shi a kan kunya, sai mun kwashe shi mun shanya a rana.

Ni kuwa ɗan ƙwallo ne, kuma filin makarantarmu shi kaɗai ne sararin da ya rage mana. Da damina ruwa yana kwashe ƙasarsa, har ƙaramin kwazazzabo ya fara cin gefen raga. Da hunturu ƙura muke shaƙa. Amma ɓangaren da kirikiri ya kama bai zaizaye ba, kuma wanda ya faɗi a wurin ba ya kurje gwiwa.

Dalili shi ne yadda yake yaɗo. Yana da reshe mai rarrafe a saman ƙasa, yana kafa saiwa a kowace gaɓa, yana kuma da wani da ke tafiya ta ƙarƙashi. Su ne ke ɗaure ƙasa kamar saƙar tabarma. Yana son zafi da rana, yana jure takawa. Da rani yakan bushe ya yi fari, amma da ransa. Ruwan farko na sauka zai farfaɗo.

Turawa suna kiransa Bermuda. A garin Tifton na jihar Jojiya a Amurka, wani masani mai suna Glenn Burton ya yi shekaru yana inganta shi. A 1960 aka fitar da irin da ake kira Tifway, wanda har yau ake shimfiɗawa a filayen wasa na ƙasashe masu zafi.

Bana ni da 'yan ajinmu mun dasa shi a wuraren da suka yi sanƙo, kuma aikin ba shi da wuya. A bari damina ta kankama, wajen watan Yuli. A yanko rassa masu gaɓa uku ko huɗu, a binne su taƙi ɗaya tsakani, a bar kansu a waje. A barbaɗa ruɓaɓɓen takin awaki. A hana ƙwallo da dabbobi a wurin kamar mako shida. In ya yi tsawo a rage shi da lauje, domin yanka yana sa shi ya yi kauri, kuma tumaki na son abin da aka yanka. Kada a dasa shi a ƙarƙashin darbejiya, ba ya son inuwa.

Sharaɗi ɗaya ne babba: a haƙa 'yar lamba tsakanin fili da gonar maƙwabci, a riƙa datse duk reshen da ya tsallaka. Abincin wani gida yana cikin gonar nan.

'Yan uwana ɗalibai, ku duba filinku tun ruwa bai ɗauke ba. Irin yana nan a bakin gona, kuma manomi zai yi muku godiya in kun kwashe.