Manomin da Ba Ya Riƙe Fartanya

Kwanan baya tafiya ta kai ni kudancin Kano. Na tashi daga Tiga a ƙasar Bebeji, inda aka gama madatsar ruwa a 1974, na bi ta Kwanar Ɗangora a Kiru, na ratsa Tudun Wada, har na shiga Dajin Falgore wajen Doguwa.

A nan na ga cediya ta tsiro a wuyan giginya, inda hannun mutum ba ya kaiwa. Wa ya shuka ta? Tsuntsu ne, irin su cilakowa: ya ci 'ya'yanta, ya yi kashin irin can sama. Haka ɓaure da gamji suke yaɗuwa, saiwoyinsu kuma su riƙe ƙasar bakin Kogin Kano, wanda ke cika Tiga.

Ya 'yan'uwa, Suratul An'ami, aya ta 38, ta sanar da mu tsuntsaye al'ummai ne kamarmu. To, ɗan kasuwa mai sarin gawayi, da ma'aikaci mai sa hannu a sare daji, su tuna amana ce za a tambaye su.

Allah Ya sa mu gane, amin.