Kasuwar Bon Da Ƙidayar Jamusawa

A wannan mako za mu leƙa birnin Bon na ƙasar Jamus, wanda ke bakin kogin Rayin. Shi ne mazaunin gwamnatin Jamus ta Yamma tun daga 1949, har aka haɗe ƙasar a 1990, daga baya gwamnati ta koma Balin a 1999. Can ne kuma gidan rediyon Muryar Jamus yake, wanda ya fara watsa shiri da Hausa a 1963, lokacin yana birnin Kolon.

A tsakiyar garin akwai wani fili a gaban tsohon gidan majalisar gari, nan kasuwa ke ci. Ga dankali, ga albasa, ga kabeji da tuffa, an jera su tsaf a rumfuna, ko wane da 'yar takardar kuɗinsa. Ba a taya kaya, balle a yi ciniki a ce albarka. Sai a ɗora a ma'auni, mai kaya ya faɗi kuɗi, ki biya. To, a nan fa baƙuwa take gane amfanin ƙidaya, don in kunnenki bai kama lamba ba, ba ki san abin da kika bayar ba, balle canjin da ya kamata a maido miki.

Daga ɗaya zuwa goma sha biyu, haddacewa kawai ake yi. Abin lura yana farawa ne daga ashirin da ɗaya. Mu muna fara faɗin babba, kana ƙarami. Su kuwa sai su juya, su ce einundzwanzig, watau "ɗaya da ashirin". Saboda haka 35 a bakinsu fünfunddreißig ne, "biyar da talatin", 53 kuma dreiundfünfzig, "uku da hamsin". Mai garaje, da ta ji biyar a farko, sai ta ɗauka hamsin ake nufi. Maganin abin shi ne haƙuri: a bar mai magana ya kai aya tukuna.

Kada wannan ya tsorata ku. Wadda ta yi karatun Larabci ta riga ta san hanyar, gama Larabawa ma wahid wa ishrun suke cewa, ɗaya da ashirin. Daga wurinsu ne ma muka aro ashirin da talatin da arba'in ɗinmu, amma muka bar jerin yadda kakanninmu suka saba.

Ɗari sunanta hundert, dubu kuma tausend. Waɗannan ba a juya su, suna zuwa a gaba kamar namu. Ga misali 347: ɗari uku, sa'an nan bakwai da arba'in, dreihundertsiebenundvierzig. Kun ga an haɗe ta kalma guda, doguwa kamar igiyar guga. Haka suke rubuta ko wace lamba da ba ta kai miliyan ba. Dabarar karanta ta ita ce ki nemi tausend da hundert a cikinta, ki yanka a nan, kamar yadda ake yanka rake a gaɓa. Abin da ya saura ba ya wuce lamba biyu, su kaɗai ne za ki juya.

Shekaru kuma da ɗari-ɗari ake faɗinsu. Kusa da kasuwar nan akwai gidan da aka haifi Beethoven, mashahurin mai tsara kiɗa, a 1770. Bajamushe zai ce siebzehnhundertsiebzig, watau "ɗari goma sha bakwai da saba'in". Amma daga shekarar 2000 sai suka koma cewa dubu biyu da kaza.

Saura abu biyu da ke tuntuɓe da baƙo wajen kuɗi. Na fari, ɗigo da waƙafi sun yi musanyar aiki. In kin ga 1.000, dubu ke nan. In kuwa kin ga 2,50 a kan albasa, Yuro biyu da santi hamsin ne. Yuro ɗin nan shi ya maye gurbin Mak a hannun mutane tun 2002. Na biyu, abin da muke kira biliyan, watau miliyan dubu, su Milliarde suke ce masa. Billion ɗinsu miliyan sau miliyan ne, ya ninka namu sau dubu.

'Yan makaranta, ga aiki. Ko wacce ta rubuta shekarun mahaifiyarta da kuɗin cefanen gidansu na mako, ta gwada faɗinsu da Hausa amma bisa jerin Jamusawa, ƙarami kafin babba. In baki ya saba da juyin, kalmomin ba za su yi wuya ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya, amin.