Shugul a Umdurman, Shagali a Ƙasar Hausa

Kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, kalmar da ta fi yawan shiga kunnenmu a Hartum da babbar kasuwar Umdurman ita ce "shugul". Maƙerin zinariya yana cikin shugul, mai dakon kaya yana neman shugul, injin da ya lalace kuwa a ce ba ya "shaggal". A Larabcin Sudan ma'anarta aiki, irin wanda ake ci da gumi.

Bahaushe ya san wannan kalma, domin daga tushenta na Larabci, sha-ga-la, wato abin da ya cika wa mutum lokaci da zuciya, muka aro "shagali" da "shagala". Sai dai a bakinmu ta sake tufafi. Shagali ya koma biki da annashuwa, shagala kuma ta zama mantuwa da abin da ya wajaba. Duk fuskokin biyu suna cikin Alƙur'ani: a aya ta 55 ta Suratu Yasin kalmar ta zo kan ni'imar 'yan Aljanna, a aya ta 11 ta Suratul Fathi kuma ƙauyawa suka kafa hujja da ita, cewa dukiya da iyali ne suka hana su fita.

Ga Hausawan Sudan, waɗanda ake haɗa su da Fulani a kira su Fallata, batun ya wuce na ƙamus. Kakanninsu da yawa maniyyata ne masu tafiya Makka a ƙasa. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Guzuri ya ƙare, sai aka tsaya neman shugul. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sannar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe baki suna neman hannaye, zangon shekara ɗaya ya zama na jikoki da tattaɓa kunne.

Mukan ji wasu a gida suna cewa mutanen nan sun shagala. Ba mu yarda da wannan hukunci ba. Wanda ya tsinci auduga shekara da shekaru don ya tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda bai manta da Ka'aba ba, kuma har cikin jikokin akwai masu kiran kansu alhazai a kan hanya. Yaƙin 2023 ya sake tayar da iyalai masu yawa daga Hartum da Jazira, har da nasu, suka bar shagunan da gonakin da kakanni suka tsaya domin su.